Kilo Ukun Da Na Manta Da Su A Kan Sirinji

Shekarata huɗu ina koyar da kemistiri a wata sakandaren gwamnati da ke bayan garin Kano, kuma duk shekara idan muka zo darasin iskar gas a aji ɗaya na babbar sakandare, abu guda nake yi. In rubuta P₁V₁ = P₂V₂ a allo, in ce wannan ita ce ƙa'idar Boyle, P matsin iska, V gurbin da ta ci, in ba da lissafi uku ko huɗu irin waɗanda WAEC da NECO suke kawowa, yara su kwafa, a buga ƙararrawa. Suna ci a jarrabawa daidai gwargwado. Amma da za ka tare ɗayansu a bakin get ka ce ya nuna maka matsin iskar nan da yake ta lissafawa, sai dai ya sosa ƙeya. Ban ga laifinsu ba, don ni ma haka aka koyar da ni, kuma abin da zan ba da labari ya nuna ni kaina hadda na yi.

Bana, a zango na biyu, lokacin da hunturu bai gama sakinmu ba, na ce sai mun gani da ido. Ɗakin gwaje-gwajenmu akwai ginin, akwai teburan siminti, akwai kawunan famfo da ban taɓa ganin ɗigon ruwa ya fito daga cikinsu ba. Kayan da suka rage a kabad: kwalaben gwaji masu faɗin gindi guda biyar, ma'aunin zafi biyu, da silindar awon ruwa ɗaya. Robert Boyle da mataimakinsa Robert Hooke sun yi nasu gwajin ne a Oxford da doguwar kwalba mai lanƙwasa kamar ƙugiya, suna zuba zaiba ta dogon ɓangaren tana matse iskar da aka tsare a gajeren, aka buga sakamakon a 1662. Mu ba mu da zaiba, kuma ko da akwai ba zan buɗe ta a ɗakin da yara sama da saba'in suke numfashi ba, guba ce. Sai na nufi kemis na sayi sirinji mai cin mililita 20 guda uku, da 'yar kwalbar gilisirin.

Dabarar ba ta da wuya. A ja sandar sirinjin zuwa lamba 20, a toshe bakinsa, iskar ciki ta zama fursuna. Sai a riƙa ɗora nauyi a kan sandar ana karanta inda baƙar robar ta tsaya. Toshewar ce ta fara ba ni wahala. Na gasa bakin na farko a kan kyandir na matse da filaya, na ga kamar ya yi, amma da na tsoma shi a bokitin ruwa na danna, sai ga kumfa siriri yana fita, irin yadda mai faci yake gano hujin tif. Na biyu na bar shi ya narke sosai, na matse, na ƙara ɗigon sufagulu, na bar shi ya kwana. Shi ya riƙe. Robar kuma gilisirin na shafa mata don ta riƙa zamewa. Wani abokin aiki ya ce in sa man basilin, na ƙi, don mai irin wannan yana kumbura roba, daga baya ta ƙara cijewa.

Kafinta na unguwarmu ya huda mini wani siririn katako, gangar sirinjin ta shige, kunnuwansa suka zauna a kai, bakinsa yana kallon ƙasa. Katakon na gitta shi tsakanin tebura biyu. A kan sandar na ɗora wata 'yar guntuwar sanda a gicciye, na ɗaura igiya a gefenta biyu, suka sauko suka haɗu a ƙarƙashi, inda na rataya leda mai ƙwari. Da haka nauyin yana ja daga ƙasa, babu fargabar kaya su zubo a kan yara. Ma'aunan nauyi kuwa ba mu da su, sai na tuna da ruwan leda. An rubuta santilita 50 a jikinsa, lita ɗaya ta ruwa kuma kilo ɗaya ce. Ban yarda da rubutun kawai ba, na kai wajen mai sayar mini da gas ya ɗora a sikelinsa, na tsince waɗanda biyunsu suke ba da kilo ɗaya daidai.

Ranar Talata na shiga aji da ƙwarin gwiwa, har da ɗan jawabi. Na ce Boyle ya ce idan zafi bai canza ba, kuma yawan iskar bai canza ba, to in ka ninka matsi sau biyu, gurbin da iskar ta ci zai koma rabi. Daga nan na yi suɓutar bakin da ta ja mini: na ce saboda haka duk abin da muka karanta da kilo ɗaya, da kilo biyu rabinsa za mu gani.

Monita ya saka ruwan leda biyu. Sanda ta sauka daga 20 zuwa 15. Aka yi tafi. Na ce to, wa zai faɗa mana inda za ta tsaya idan aka ƙara biyu? Aji ya amsa baki ɗaya, bakwai da rabi. Aka ƙara. Ta tsaya a 12. Na ƙwanƙwasa gangar da yatsa ko ta cije ne, ba ta motsa ba. Aka ƙara biyu, kilo uku ke nan, inda lissafina ya ce 5 za mu gani. Ta tsaya a 10 cif.

Ajin ya yi tsit na ɗan lokaci. Sai wata yarinya da ke zama a layin gaba, wadda ba ta barin magana ta wuce ta, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ko dai shi Boyle ɗin bai gwada ba ne, rubutawa kawai ya yi?" Kafin in amsa wani daga can baya ya ce, "Iskar Turai ce take bin doka, ta Kano ba ta jin magana." Aka kwashe da dariya. Na ce robar ce take gogar jikin sirinjin, na ce kayan aikinmu ba na ƙwarai ba ne. Ina faɗa ina jin bakina yana nauyi, don na san guga ba za ta mayar da 5 ta zama 10 ba. Ƙararrawa ce ta cece ni.

Ranar dai ba tawa ba ce. A hanyar gida tayar babur ɗina ta baya ta sace, na gangara da shi wajen wani dattijo mai faci da ke ƙarƙashin darbejiya, wanda na daɗe ina kai wa aiki. Bayan gaisuwa ya ɗora gejinsa a kan bawul, allura ba ta ko motsa ba. Kaina yana can wajen sirinji, sai na ji na ce, "Baba, yanzu wannan tayar babu iska ke nan a cikinta ko kaɗan?"

Ya dube ni kamar mai mamakin tambayar ta fito daga bakin malamin makaranta. Ya ce, "Haba Malam, iska ai akwai. Ina za ta je? Ba ta fi ta waje ƙarfi ba ne kawai. Shi geji abin da ta fi ta waje yake faɗa maka."

Na yi shiru. Yana ta goge tif da fayil yana shafa gam, ni kuwa na ciro biro ina rubutu a bayan takardar rajista. Abin da na sani tun ina ɗalibi, na kuma sha rubutawa a allo, shi ne iskar da ta lulluɓe duniya tana da nauyi, tana danna kowane santimita murabba'i da abin da ya kai kimanin kilo ɗaya. Na sani a takarda. Amma da na tsaya a gaban sirinji sai na ɗauka kafin a rataya ruwan leda babu komai a kan sandar, wato na fara ƙirga daga sifili, irin na gejin Baba.

Da na isa gida ko abinci ban tsaya ci ba. Na yanke sirinjin farko da ya lalace na auna faɗin cikinsa da rula, santimita 2. Fuskar robar ke nan santimita murabba'i 3.14. In kowane ɗaya yana ɗauke da kusan kilo guda na iska, ashe tun kafin monita ya taɓa ledar akwai kimanin kilo uku zaune a kan sandar, ba wanda ya gan su. Da muka rataya kilo ɗaya, daga uku muka tafi huɗu, ba daga sifili zuwa ɗaya ba. Uku bisa huɗu na 20 kuwa 15 ne. Kilo biyu, daga uku zuwa biyar: uku bisa biyar na 20 shi ne 12. Kilo uku, daga uku zuwa shida, a nan ne matsin ya ninka da gaske, kuma a nan ne sanda ta tsaya a 10, rabin 20. Na daɗe ina kallon lambobin. Sirinjin ɗari biyu ya faɗi gaskiya tun da safe, malamin ne ya karanta ta a karkace. Shi kansa Boyle a jadawalinsa, kowane awo sai da ya ƙara masa inci 29 da ɗoriya na zaiba, wato nauyin iskar ɗakin da yake ciki.

Na so in yi lissafin da ma'aunin da littafi yake amfani da shi. Kilo ɗaya a kan wannan fuska yana ba da matsin da ya kai kilofaskal 31 da 'yan kai. Littafi ya ce matsin iskar duniya 101.3 ne, daidai da milimita 760 na zaiba. Na cike shi 101, na haɗa, na ninka da gurbi, abin da ƙa'idar ta ce lamba ɗaya zai riƙa bayarwa: 2,020, sai 1,980, sai 1,956, sai 1,950. Kusa da juna, amma suna gangarawa gefe ɗaya, abin bai kwanta mini ba. Sai na tuna 101.3 ɗin nan na bakin teku ne, na mutanen Legas. Kano tana sama da teku da mita kusan 480, iskar da ke kanmu ta fi tasu gajarta. Na duba hasashen yanayi a wayata na ga sama da 1,010 a ma'aunin hektofaskal, na kusa ruɗewa, sai na tuna masu hasashen yanayi suna mayar da awon kowane gari kamar yana bakin teku don a iya kwatanta garuruwa. Ƙanina yana da waya mai ma'aunin matsi a cikinta. Muka buɗe, ta nuna 956, wato kilofaskal 96 in an cike. Da na sa wannan sai na samu 1,920, da 1,905, da 1,896, da 1,900. Sirinjin da layukansa mililita ɗaya-ɗaya ne, ba ka da bakin neman fiye da haka a wajensa.

Ranar Alhamis na fara da abin da ya fi wuya. Na ce musu ranar Talata Boyle bai yi kuskure ba, iskar Kano ma ba ta yi taurin kai ba, ni ne na yi kuskure, kuma mai faci ne ya gyara mini. Wasu suka yi dariya, wasu suka gyara zama. Na lura sun fi saurarona a wannan rana fiye da duk ranakun da na zo musu da amsa a shirye.

Ban so su karɓi kilo ukun nan daga bakina kawai ba, gani ya kori ji. Na zo da sirinji na uku, wanda na tura sandarsa har ƙarshe kafin in toshe bakinsa, babu iska a ciki ke nan. Muka kifa shi, baki sama, kunnuwansa a kan katako, sandar tana reto ƙasa, muka ɗaura mata ledar. Na ce babu gam, babu ƙusa, me zai hana sandar nan faɗowa? Aka fara sakawa ɗaya bayan ɗaya, aji yana ƙirgawa da ƙarfi. Biyu, shiru. Huɗu, shiru. Shida, tana nan. Da aka saka na bakwai sai ta zame a hankali ta yi ƙasa. Muka cire biyu, ta koma sama da kanta, fat, kamar an ja ta da roba. Yaron nan na baya ya taso ya leƙa cikin gangar ya ce, "Malam, wallahi babu komai a ciki." Na ce shi ya sa. Ba abin ciki ne yake janta ba, iskar waje ce take tura ta, kuma yanzu kun auna ƙarfinta da ruwan leda.

Daga nan hira ta ɓalle, kuma su suka riƙa kawo misalan. Wani ɗan gidan wanzamai ya ce to ai haka ƙaho yake: babansa yana zuƙe iskar da ke cikin ƙahon ya toshe ɗan hujin, ƙaho ya kama fata ya ƙi saki. Na ce daidai, matsin ciki ya ragu, na waje ya danne ƙahon a jiki, fatar kuma ta kumburo ta inda dannawar ta yi sauƙi. Wata ta tambayi dalilin da ya sa injin jan ruwansu na sama ya daina kawo ruwa da rijiya ta yi ƙasa a bazara, sai da aka sayo sumo aka zura. Wannan tambayar ta yi mini daɗi, don ita ce ainihin wadda ta haifi wannan ilimi. A Italiya ma masu famfo sun lura ba sa iya zuƙo ruwa ya wuce kimanin mita 10, har maganar ta kai ga Galileo. Almajirinsa Evangelista Torricelli ne ya ce ai ba famfon yake jan ruwa ba, iskar waje ce take tura shi sama, kuma ƙarfinta yana da iyaka. A 1643 aka gwada da zaiba, wadda ta fi ruwa nauyi sau 13.6, aka cika doguwar kwalba aka kifa ta a cikin kwano, zaibar ta sauko ta tsaya a wajen santimita 76. Shi kuwa sumo ba ya jiran iska ta taimake shi, daga ƙasa yake turo ruwan.

Na ba su labarin Blaise Pascal, wanda a 1648 ya sa mijin yayarsa, Florin Périer, ya hau dutsen Puy de Dôme a Faransa da irin wannan kwalba, aka ga zaibar ta sauka da sama da santimita 8 a ƙololuwa. Na ce da za mu ɗauki sirinjinmu mu tafi Jos, wadda take sama da teku da mita 1,200 da wani abu, matsin can bai wuce 88 ba, da ruwan leda shida ma sai ya nemi jan sandar. Har yanzu suna tuna mini wai yaushe za a yi tafiyar.

Mun kuma haɗa ɗan ma'aunin matsi na ruwa, da robar ƙarin ruwa ta asibiti da muka lanƙwasa a jikin allo muka zuba zoɓo don a ga layi. Kowane santimita na bambanci tsakanin ɓangarorin biyu faskal 98 ne. Bai daɗe ba. Na ce a hura a hankali, wani ƙato ya cika kumatu, zoɓon ya tashi ya yi wa farar rigar monita ado. Abin da ya rage a kansu dai shi ne shi ma irin gejin Baba ne, bambanci yake nunawa. Haka na'urar awon jini: 120 bisa 80 da ake faɗa a asibiti milimita ne na zaiba, a kan na iskar waje.

Mako na gaba muka shiga ƙa'idar Charles, wato yadda iska take buɗewa da zafi idan matsi bai canza ba. Jacques Charles ya yi gwajinsa wajen 1787 bai buga ba, sai Joseph Gay-Lussac ne ya buga a 1802 ya kuma ambace shi. A nan sirinji ba ya aiki sosai, canjin ƙarami ne, gugar roba tana cinye shi. Sai muka ɗauki kwalbar gwaji, muka sa mata marfin roba mai huji da guntuwar robar ƙarin ruwa. Muka cika ta da ruwa har marfi muka juye a silinda don sanin cikinta, mililita 300. Tsarin shi ne a tsoma kwalbar a tukunyar ruwa mai tafasa, bakinta a buɗe, iskar ciki ta yi zafi ta buɗe, rarar ta fice. Sai a matse robar, a kifa kwalbar a bokitin ruwan ƙanƙara, a saki. Iskar ta tsuke, ruwa ya shiga ya cike gurbin da ta bari, a auna shi.

Na zo da ƙaramar tukunyar gas ɗina mai kilo 6 daga gida, na sayi ƙanƙara a wajen masu sayar da lemo. Gwajin farko ruwa ya shiga kamar ana zuƙo shi da baki, ya wuce rabin kwalba. Wannan karon ban yi saurin ɗora laifi a kan kaya ba. Na tambaye su me muka yi da kwalbar kafin mu ɗora ta a wuta. Yarinyar layin gaba ce ta gano: mun auna cikinta da ruwa, ba mu busar ba. Ɗigon da ya rage ya zama tururi, ya kori iska, da ya ji sanyi ya koma ruwa ya bar wuri fayau. Muka ɗauki wata busasshiya irinta.

Ana cikin haka mai riƙe da ma'aunin zafi ya ce ma'aunin ya lalace, ruwa yana ta tafasa amma ya ƙi wuce 98. Muka sa na biyu, shi ma 98. Ban ce komai ba, na tsaya ina kallonsu. Can wani ya ce, "Malam, ko tsayin Kano ne kuma?" Shi ne. Ruwa yana tafasa ne idan matsin tururinsa ya kamo na iskar da ke danne shi, kuma 100 ɗin littafi na bakin teku ne. A Jos wajen 96 yake tafasa.

Da busasshiyar kwalba, bayan minti goma a tukunya da wasu goman a bokiti mai digiri 5, muka ɗaga ta har layin ruwan ciki ya yi daidai da na waje, don matsin ciki ya koma daidai da na ɗaki, sannan muka matse muka fitar. Ruwan da ya shiga mililita 76 ne. Iskar da ta cika 300 a digiri 98 ta koma 224 a digiri 5. Na bar su su yi lissafin da kansu, kuma kamar yadda na zata, rabin ajin suka raba 5 da 98 suka ce ya kamata iskar ta koma mililita 15. Irin kuskurena ne sak, an fara ƙirga daga sifilin da ba shi ne sifili ba. Sifilin Salshiyos wurin daskarewar ruwa ne kawai, ƙwayoyin iska suna nan suna kai da kawo a wannan sanyin. Muka zana layi a allo ta kan ɗigo biyun da muka samu, muka ci gaba da jansa baya har inda gurbin zai ƙare. Ya sauka a wajen 269 ƙasa da sifili. Na littafi 273.15 ne, wanda Lord Kelvin ya gina ma'auninsa a kai a 1848. Na faɗa musu gaskiya cewa akwai sa'a a ciki, don da mililita 80 muka karanta maimakon 76, da layin ya faɗi wajen 251. Da aka ƙara 273 a kowane zafi, 278 bisa 371 na 300 ya ba da 225, mu kuma 224 muka samu.

Na koma wajen Baba da yamma don a duba mini tayar gaba, na ba shi labarin yadda maganarsa ta shiga aji. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce in ƙara musu da cewa taya da safe ake aunata, kafin ta sha kwalta. Na lissafa daga baya: tayar mota da aka ba 32 a geji a digiri 25, in ta yi zafi ta kai 60, za ta nuna wajen 37, ba tare da an ƙara mata komai ba. Direban da ya ga haka ya sassauta mata a kan hanya, da safe zai tarar da ita ƙasa da yadda ya kamata.

Tukunyar gas ɗin da na bari a lungun aji ita ta jawo tambaya ta ƙarshe. Yarinyar nan ta ce tunda matsi yana raguwa idan iska ta ragu, me ya sa ba za a sa wa tukunyar gas geji ba, uwarta ta daina shan mamaki gas ya ƙare ana tsakiyar tuwo? Na ɗauko tukunyar na girgiza a kusa da kunnenta. Ta ce, "Ruwa ne a ciki!" Na ce gas ɗin girki haɗin butan da furofan ne, an matse su har sun zama ruwa. Butan yana tafasa a wajen sifili, furofan a 42 ƙasa da sifili, saboda haka a zafin ɗaki da zarar ka buɗe kan, wanda ke sama ya fita, na ƙasa ya tafasa ya maye gurbinsa. Muddin akwai sauran ruwan, matsin da ke sama zafin wurin yake bi, ba yawan abin da ya rage ba, sai dab da ƙarewa yake faɗuwa gaba ɗaya. Shi ya sa mai gas a sikeli yake sayarwa, kilo 3, kilo 6, kilo 12.5, shi ya sa kuma ba a cika tukunya har wuya, ba a barinta a rana. Ƙa'idar Boyle ta iskar da take nesa da zama ruwa ce, kuma wadda yawanta bai canza ba. A cikin tukunyar nan duka sharuɗɗan biyu sun karye.

Yaron baya ya tambaya ko a jarrabawa 96 za su rubuta ko 101. Na ce abin da aka ba su a tambaya, in an ce 760 da 273 su yi aiki da su, mai makin ba ya tambayar daga wane gari ka zo.

Sirinjin Boyle na bar shi a rataye a katakonsa da ruwan leda biyu, na manta da shi. Ranar Litinin na tarar sandar ta sauka ƙasa da 15, da na cire nauyin kuma ba ta koma 20 ba, a 18 ta tsaya. Iska ta samu hanya ta gefen robar tana zurarewa a hankali. 'Yan ɗaya ajin ba su yi nasu gwajin ba tukuna, sai na biya kemis a hanyar gida na sayi wasu biyu, da sabon kyandir.